Kati Na Bakwai

Ku yafe min shirun kwana biyun nan. Da yawanku kun turo kuna tambaya ko lafiya, wasu har da zolaya, wai ko an ɗaura ne ba a gayyace ku ba. Ba a ɗaura komai ba. Abin da ya same ni ranar Laraba ne ya ƙi rubutuwa, sau uku ina farawa ina gogewa. Kuma ku sani tun yanzu, da izinin mai sirrin nake ba ku wannan labari. Sai da ya karanta ya ce to, sannan na saka.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da huɗu. Na gama karatu, aiki bai samu ba, zaman gida ya ishe ni, sai na shiga aikin sa kai a wata 'yar cibiya da ke unguwarmu. Ɗaki uku ne a bayan wani kantin magani, da benci biyu, da firij ɗaya, da tsohuwar mota mai tari kafin ta tashi. Ba asibiti ba ce, ba mu da likita, ko allura ba ma yi. Aikinmu haɗa mutum da inda ya kamata ya je. Mai ciwon suga mu nemo masa ranar ganin likita, tsohuwar da ba ta da mai kai ta mu aika mota, matar da miji ya rasu ya bar ta da yara mu raka ta ofishin jin daɗin jama'a mu tsaya har a saurare ta. Da gudummawar mutanen unguwa muke tafiya, wannan ya zuba mana mai a mota, wancan ya kawo kujera, wata ta zo ta share ta tafi ba ta ko jira godiya.

Shugabarmu tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, kowa Sista yake ce mata. Gajeriya ce, tabarau rataye a wuyanta da zare, farin takalmin roba a ƙafa ko da yaushe. Ni kuma aikina waya. Ina zaune a teburin gaba, ina kiran mutane ina tuna musu ranar asibitinsu.

Kowane mutum yana da kati, kuma babu suna a kai. Lamba ce kawai, da lambar waya, da ranar da zai ga likita, da ɗan bayani a ƙasa. Sunayen suna cikin wani littafi a durowar Sista, mabuɗin yana cikin jakarta. Launin kati shi ke gaya mana ciwon: kore na masu suga, rawaya na masu hawan jini, ja na masu juna biyu, shuɗi na masu farfaɗiya. In na kira, ba na faɗin sunan cibiya, ba na faɗin ciwo. Cewa nake, "Daga ofis ne, ina magana da mai lamba kaza?" In ya amsa, in faɗi rana da lokaci, in yi masa fatan lafiya, in kashe. In kuwa na ɗauki kati na ga lambar wanda na sani, doka ta ce in kife shi a kwandon Sista, ita za ta kira, ni kuma in haɗiye abin da na gani har kabarina.

Ba haka kawai Sista ta kafa wannan doka ba. Kafin zuwana an yi wata mai aikin sa kai, mutuniyar kirki, da ta haɗu da wata mata a cikin taro ta ce mata, "Ya jiki, kin samu maganin kuwa?" Iyakar abin da ta ce ke nan, a gaban dangin mijin matar. Matar ba ta sake taka cibiyar ba, ta daina ɗaga waya, kafin shekara ta zagayo aka yi jana'izarta. Duk wanda zai fara aiki sai Sista ta zaunar da shi ta ba shi wannan labari, ba ta kuma taɓa gama shi idonta a bushe ba.

A cibiyar nan na haɗu da Injiniya, wata tara da suka wuce. Shagon gyaran firij da fanka gare shi a bakin titi. Ran nan na shigo na tarar da shi zaune a benci da jakar kayan aiki a kan cinya, fankarmu ta ƙasa kuma ta kwana uku ba ta juyawa. Na ce, "Kai ne mai gyaran fankar?" Ya dubi Sista, Sista ta dubi bango, ya ce, "Ni ne." Ya durƙusa ya kwance ta ya gyara, ya ƙi karɓar komai. Tun daga nan firij ɗin da muke ajiye allurar masu suga bai sake lalacewa ya kwana ba. A hankali gaisuwa ta zama hira, hira ta kai shi ƙofar gidanmu. Dogo ne, mai sanyin magana, ba ya kirana da komai sai Malama. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba.

Manyansa suka ce za su zo ranar Asabar. Baba ya ce shi ba ya karɓar baƙi a kan wataƙila, in ba shi amsata ranar Juma'a.

Ranar Larabar da safe ina gaban madubi, na saka doguwar riga ruwan toka mai ɗinkin fari a hannu, ina yafa mayafi, na ji Gwaggo daga falo.

"Auta, zo nan."

Gwaggo yayar Baba ce. Tun da aka fara maganar Asabar ta tattaro jakarta ta tare a gidanmu, wai kada a yi abu ba babba a kusa. Na same ta a kan doguwar kujera da kofin shayi, Umma tana gefe tana ninke kayan wanki.

"Yau ma can za ki?"

"Can za ni, Gwaggo."

Umma ta ce, "Aikin da ba albashi, kullum cikin masu tari da masu nishi. Ni dai in an yi auren nan sai ki ajiye musu wayarsu."

"Umma, shi bai ce in bari ba."

"Yanzu ne ba zai ce ba."

Gwaggo ta ajiye kofi ta matso, ta rage murya kamar akwai wani a bayan labule. "Ni ba wannan na kira ki ba. An yi tambaya a unguwarsu, an yi a kasuwa, kowa sai yabo. Ni kuwa mutumin da kowa ke yabo shi nake tsoro. Ke da kike zaune a kan sirrin rabin garin nan, ki ɗan leƙa mana. Ko shi, ko uwarsa, ko wani a gidansu. In akwai ciwon da ke bin jini, gara mu sani tun yanzu."

Dariya na yi. Wallahi dariya na yi, har da gyara mayafi. Na ce, "Gwaggo, ba a leƙa mutane a wurinmu. Kuma Injiniya na san shi ciki da waje, ko mura ban taɓa ganin ya yi ba."

"Uhm," in ji Gwaggo. "Ciki da waje, a wata tara."

Ina hanya saƙonsa ya shigo, kamar kullum. "Malama, kin fito? Ki bi gefen inuwa, rana ta fara zafi." Na mayar masa, "Na fito. Saura kwana biyu Baba ya ji amsa, ba ka tsoro?" Ya ce, "Tsoro kamar ya kashe ni. Amma ki sha ruwa tukuna." Na yi ta murmushi ni kaɗai a titi kamar marar hankali.

Ban daɗe da zama ba aka rugo aka ce wata mai jan kati tana zubar da jini. Sista ta figi jakarta ta shige mota, ita da direba. Abokiyar aikina tana hutun haihuwa, don haka ni kaɗai aka bari da benci biyu da fanka.

Wajen sha ɗaya Sista ta kira, muryarta a sama, ina jin ƙarar gadon da ake turawa.

"'Yata, saurara. Likitan masu shuɗin kati ya dawo da ranarsa gobe, ƙarfe takwas. Daga nan zai yi tafiyar wata biyu. Wanda bai gan shi gobe ba, ba sabuwar takardar magani, kin san kuma kantin asibiti ba ya bayarwa sai da ita. Ɗauko ɗaurin shuɗi a kan teburina, ki kira su duka. Kafin biyar ki tura wa asibiti lambobin waɗanda suka amsa. Za mu shiga da ita ciki, an ce mu kashe waya."

Ta kashe kafin in ce to.

Kati sha ɗaya ne, an ɗaure su da roba. Kullum Sista ce ke ware min waɗanda zan kira, yau ne karon farko da na ɗauki ɗauri gaba ɗaya daga teburinta. Na kira na farko, wata uwa ce ta ɗauka a madadin 'yarta. Na biyu wani dattijo ne da ya yi ta sa min albarka har na ji kunya. Haka har na shida. Na ɗauki na bakwai, na fara danna lambar a wayar ofis, sai na ga yatsana yana gaba da idona. Na kai ƙarshen lambar ban sake duba katin ba, domin lambar da na haddace ce, wadda nake gani a wayata safe da yamma.

Na ajiye wayar a hankali. Na sake karantawa, lamba bayan lamba, ko Allah zai sa ɗaya ta bambanta. Ba ta bambanta ba. A ƙasa an rubuta: "Shekara huɗu bai faɗi ba. Kada magani ya yanke ko na kwana ɗaya. Kira kawai, ban da saƙo, ana taɓa masa waya a shago." Ga ranar da maganinsa zai ƙare, saura kwana tara. A kusurwar sama kuma, da jan biro, rubutun Sista: "Ni zan kira."

Zan gaya muku abin da na yi, ko da za ku raina ni. Sakin katin na yi a kan tebur, na goge tafin hannuna a jikin rigata. Ni, da nake tsayawa a gaban mata ina cewa farfaɗiya ciwo ne kamar kowane ciwo, ba aljanu ba ne, ba abin kunya ba ne. Ashe a bakina kawai maganar take. Da ta zo ƙofata, hannuna na goge. Na daɗe ina kallon hannun nan, ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Sai abubuwa suka yi ta dawo min. Bai taɓa tuƙa babur ba, kullum a ƙafa ko a tasi, ni kuma ina ce masa mai tsoron titi. Ranar da Baba ya ce ya duba wayar wuta a saman rufi, abokin aikinsa ya turo, yayana ya yi ta dariya wai ga injiniya mai gudun tsani. In ya zo hira, takwas saura kwata wayarsa za ta yi ƙara, ya miƙe ko da magana ce a bakinsa, ashe lokacin shan magani ne. Da ranar farko, da ya dubi Sista kafin ya ce "Ni ne." Ba gyaran fanka ya zo ba. Layi yake jira kamar kowa, ni na ɗora masa aiki, shi kuma ya karɓa don kada in gane.

Bayan kunya sai fushi ya zo. Wata tara. Saura kwana uku manyansa su zauna a falon Baba. Yaushe ya yi niyyar gaya min? Bayan an ɗaura? Ranar da zan same shi a ƙasa ban san abin yi ba? Sista ma, kullum tana kallona ina washe baki a kan wayata, tana min addu'ar Allah ya sanya alheri, ashe katinsa yana ƙarƙashin hannunta. Na so in ji haushinta, amma na kasa. Abin da ta koya min shi ta yi, ba ta cire ni a ciki ba don ina 'yarta.

Na kife katin a kwandonta, yadda doka ta ce. Na kira sauran huɗun da murya kamar ba tawa ba. Na kira Sista, a kashe. Na kira direba, ya ce tana ciki tun ɗazu, ba a barin kowa ya shiga, shi ma a mota yake zaune.

Ƙarfe biyu da 'yan mintuna na ji sallama. Gwaggo ce, da babban mayafinta ruwan ƙasa da jaka a hammata.

"Na ce bari in zo a gwada min jinin nan, kaina ke sarawa."

"Sista ba ta nan, Gwaggo. Ni ba na gwaji."

"To, sai in huta."

Ta zauna a kujerar da ke gaban teburina. Kwandon Sista yana tsakaninmu, katin a kife, bayansa shuɗi yana kallon sama. Idonta ya zagaya ɗakin, ya bi durowa, ya bi ɗaurin katuna, ya dawo kan fuskata ya tsaya.

"Kin duba?"

"Na gaya miki ba a dubawa."

"Me ya sami idonki?"

"Fanka ce."

"Auta." Ta kira ni a hankali, irin kiran da take min tun ina ƙarama in na ɓoye abu a bayana. "Ni na yi miki wankan farko. Da safe kin fita kina dariya, yanzu ga ki kamar an zare miki laka. Kin ga wani abu."

"Gwaggo, mutane sha ɗaya nake nema kafin biyar, gajiya ce."

Ta miƙa hannu, kamar da wasa, za ta gyara kwandon. Ban san lokacin da na ɗora tafina a kan katin ba. Muka dubi juna. Ta janye hannunta, ta miƙe ta gyara mayafi.

"Ba don in ɓata miki nake yi ba," ta ce daga bakin ƙofa. "Ni aka rufe ni aka kai ni gidan da ban san me ke ciki ba, shekara talatin ina jinya ba wanda ya tambaye ni ko na yarda. Ba zan zuba ido a yi miki haka ba. Zan gaya wa ubanki abin da na gani."

Ta tafi. Kuma gaskiyarta ce ta fi komai yi min ciwo, domin ba mugunta ta kawo ta ba.

Uku ta yi, huɗu ta yi, wayar Sista a kashe. Saƙonsa ya shigo wayata: "Malama, shiru yau. Ko Sista ta hana ki numfashi?" Na karanta ban amsa ba. Na yi tunanin tura saƙo daga wayar ofis, katin ya ce ban da saƙo. Na yi tunanin ba direba lambar ya kira, amma wannan ƙara mutum ɗaya ne a cikin sirrin da ba nawa ba. Na yi tunanin in yi shiru in bar wa Sista, doka tana bayana, ba mai zargina. Sai dai biyar za ta wuce, likita zai tafi, nan da kwana tara magani ya ƙare. Mutumin da ke wuni cikin wayoyin wuta da ƙarfe, shekara huɗu yana riƙe da kansa, ya faɗi saboda ni na ji nauyin ɗaga waya.

Biyar saura ashirin na juya katin, na danna lambar a wayar ofis.

Bugu biyu ya ɗauka. Ina jin ƙarar guduma a bayansa, sannan ƙarar ta yi nisa, alamar ya fita waje.

"Sista, ina wuni."

Na rufe ido. "Daga ofis ne. Ina magana da mai lamba ɗari biyu da sha huɗu?"

Mota ta wuce a wajensa, wata ta sake wucewa. Ina jin numfashinsa, na tabbata shi ma yana jin nawa.

"Eh," ya ce. "Shi ne."

"An dawo da ranarka gobe, ƙarfe takwas na safe. Likita zai yi tafiya, kada ka rasa. Za ka samu zuwa?"

"Zan zo."

"Allah ya ƙara lafiya."

"Malama..."

Na kashe. Ba don fushi ba. A wayar ofis ba ni da abin da zan ce masa bayan wannan, in kuma na bari ya ci gaba, kuka zan yi. Na tura wa asibiti lambobi sha ɗaya cif, na mayar da katunan cikin roba, na kashe fanka, na kulle ƙofa. A hanya na yi ta duba wayata, bai turo komai ba.

Na iso gida rana ta yi sanyi. Tun daga takalman da ke ƙofar falo na san jirana ake. Baba yana kan kujerarsa da farar jallabiya, tabarau a hannu. Gwaggo a doguwar kujera, Umma a ƙasa kusa da ƙofar ɗaki, ta kasa haɗa ido da ni. Na durƙusa na gaida su.

Baba ba mai zagaye-zagaye ba ne. "Gwaggonki ta ce akwai abin da kika gani a wurin aikinki game da yaron nan. Haka ne?"

Ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba, shi ma ya sani. In na ce a'a, na fara yau. In na ce eh, na ci amanar da aka ba ni, gobe kuma duk mai kati a unguwar nan zai ji cewa 'yar da ke kan waya tana kai labari gida.

"Baba, abin da ke ofis ba nawa ba ne. Ko akwai ko babu, ba ni da bakin faɗa. Da katin Gwaggo ne, ko naka, haka zan ce wa duk wanda ya tambaye ni."

"Ni ne duk wanda?"

"A'a, Baba."

"Ni zan ba da ke. In wani abu ya same ki, ni za a tambaya, a nan da gaban Allah. Kina nufin wata tsohuwar nas ta fi ni iko da bakinki?"

Hawaye suka zubo min. Umma ta ce a hankali, "Auta, ki faɗa mana mana, mu ne fa." Na sunkuyar da kai ina kallon zanen darduma.

Baba ya ajiye tabarau a kan hannun kujera. "To, shi ke nan. Tunda wurin nan ya koya miki rufe wa ubanki baki, daga yau kin gama zuwa. Maganar Asabar kuma a dakatar."

Wayata ta yi motsi a cikin jaka. Ban yi niyyar dubawa ba, amma ta sake yi. Na leƙa.

"Ina ƙofar gida. Ki nema min iso wurin Baba."

"Kada ki faɗi komai. Kayana ne, na bar miki shi a kai tun da rana, ki yafe min."

Na ɗago na ce, "Baba, yana waje. Kai yake son gani."

Baba ya dubi Gwaggo, ya dube ni. "Shigo da shi."

Na same shi a tsaye nesa da ƙofa, fiye da inda ya saba tsayawa. Ko kaya bai canza ba, rigar aiki ce a jikinsa da baƙin mai a hannun riga, shi da ba ya zuwa gidanmu sai da guga. A hannunsa akwai ƙaramin kwalin magani.

"Sau nawa na zo da niyyar gaya miki," ya ce, idonsa a ƙasa. "Sai ki yi dariya, in ce bari sai gobe. An taɓa mayar min da kayana a wani gida saboda wannan." Ya ɗago. "Kin ji tsoro?"

"Na ji."

"Har yanzu?"

"Har yanzu. Kuma ina jin haushinka. Shigo, Baba na jira."

Ya cire takalmi ya durƙusa a gaban Baba. Umma ta kawo ruwa a kofin gilashi ta ajiye masa, ya ɗauka da hannu biyu ya sha rabi. Baba ya ce min, "Shiga ciki." Na miƙe na kai bakin labule, sai na fasa shiga. Na zauna a nan ƙasa, Baba ya gani ya ƙyale ni.

Injiniya ya ajiye kwalin a kan darduma, a gaban ƙafar Baba.

"Baba, kada ka ga laifinta, ba ta da ikon faɗa. Ni ya kamata in faɗa tun ranar da na fara tsayawa a ƙofarka. Ina da farfaɗiya. Tun ina shekara sha shida."

Umma ta dafe ƙirji. Gwaggo kuwa idonta ya sauka a kan kofin. Kun san abin da mutane ke faɗa game da yawun mai wannan ciwo, wai ta nan ake ɗauka, ƙarya ce, amma ƙaryar da ta fi gaskiya jiki. A hankali Gwaggo ta sa gefen mayafinta ta tura kofin can gefe, ta ce wa Umma ƙasa-ƙasa, "Wannan a ware shi." Ya ji. Na ga yadda kafaɗarsa ta sauka, kamar wanda ya san wannan wurin tun da daɗewa.

Tsoron bai bar ni ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Da shi na taso, na ratsa tsakiyar falo a gaban Baba, na durƙusa na ɗauki kofin. Na kafa kai na shanye sauran.

Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya sunkuya ya ɗauki kwalin maganin, ya mayar da tabaransa.

"Auta, ajiye kofin ki zauna," ya ce. "Kai kuma, faro min daga farko."